Tarihin Shiyyoyi a Bakin Masu Shi: Sharhi a Kan Yadda Aka Taskace Labarun Baka a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nemi tarihin Tambuwal a rubuce, abin da zai fara cin karo da shi shi ne sunan Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, sannan jerin waɗanda suka gaje shi, da yawan shekarun da kowannensu ya yi bisa karaga. Wannan tarihi ne na gaskiya, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Sai dai gari ya fi fada faɗi. A bayan fada akwai shiyyar maƙera da ta majema da ta rundawa, akwai zangon fatake, akwai tungayen masunta a bakin gulbi, ga kuma rugagen Fulani a bayan gari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da nasa labarin zuwa da zama, wanda yawanci bai taɓa hawa takarda ba, yana nan dai a bakin tsofaffi maza da mata.

Manufar wannan sharhi ita ce duba yadda magabatanmu a wannan aiki suka tattara irin waɗannan labarai a ƙasar Sakkwato, domin a ga abin da suka ceto da abin da suka bari ya salwanta. Zan fi mayar da hankali a kan littafin tatsuniyoyi na Frank Edgar, domin shi ne tari mafi girma na labarun baka da aka fara bugawa daga wannan lardi. Ra'ayin da nake son in kare shi ne cewa masu tattarawa sun tsirar da labari, amma sun bar mai labarin a baya. Labarin da aka raba shi da sunan wanda ya faɗe shi, da garin da aka faɗe shi, da irin Hausar da aka faɗe shi da ita, zai iya nishaɗantar da mai karatu, amma ba zai zama shaida ga tarihin wata shiyya ba, kuma ba zai ɗaga muryar mutanenta ba. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan haka da suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

2.0 Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe suna kudancin Jihar Sakkwato. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari ta ratsa Tambuwal kafin ta isa Jega, gulbin Zamfara kuma ya ratsa kudancin yankin a kan hanyarsa daga Gummi zuwa Jega. Kebbe ta yi iyaka da Jihar Kebbi wadda aka ƙirƙiro a 1991, da kuma Jihar Zamfara wadda aka ƙirƙiro a 1996. Wannan zama na kan iyaka ya daɗe, domin tun kafin jihadin 1804 ƙasar tana tsakanin tsohuwar daular Kabi da ta Zamfara. Bayan an ci Birnin Kabi a 1805, Kabawa ba su kwanta ba. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, Yakubu Nabame ya sake tayar da Argungu a 1849, aka yi ta gwabzawa har zuwan Turawa, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. A cikin wannan hali ne Tambuwal ta zauna a matsayin ribaɗi a hannun gidan Buhari, gidan da ya riƙe Dogon Daji, inda aka haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1923, wanda shi ne na farko daga wannan gida da ya hau gadon Shehu, daga 1988 zuwa 1996.

Ƙasar da take kan iyaka, kuma ta ga yaƙi na kusan shekara ɗari, dole ta tara mutane iri-iri: Kabawa da Zamfarawa da Fulani da Burmawa, da Sarkawa masu su, da waɗanda aka kawo ba da son ransu ba. Sunayen garuruwan kansu tambayoyi ne da ke jiran amsa. Wane daji ne Dogon Daji, kuma su wa suka sare shi? Kagara ta wa aka kafa, don tsoron wa? Me ya haɗa sarautar Sarkin Burmi ta Jabo da ta Bakura? Su wa suka fara zama a Sanyinna da Romon Sarki da Kuchi da Margai da Ungushi? A birnin Sakkwato kowa ya san Gidaɗawa ta samo suna daga Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, domin gidan malamai ne masu alƙalami. Shiyyar da ba ta da alƙalami kuwa, bakin tsofaffinta shi ne kundinta.

3.0 Tarihin da Aka Rubuta

Rubutattun madogaran tarihin wannan ƙasa iri biyu ne. Na farko su ne littattafan masu jihadi, irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello na 1812, da Tazyinul Waraƙati na Abdullahin Gwandu na 1813, da Raudul Jinani na Waziri Giɗaɗo, har zuwa Tarihin Fulani na Waziri Junaidu. Waɗannan taskoki ne da kowace al'umma za ta yi alfahari da su, kuma a kansu ne Murray Last ya gina littafinsa na tarihin Daular Sakkwato wanda ya fito a 1967. To amma an rubuta su ne domin bayyana jihadi da shugabanninsa. Talaka yakan shigo cikinsu a matsayin runduna ko jama'a, ba kasafai yake shigowa da sunansa ba. Haka kuma wanda aka yi galaba a kansa ba ya samun damar kare kansa. Alal misali, labarin Abdussalami na Gimbana, wanda ya yi saɓani da Sarkin Musulmi Bello a Kware a 1817 zuwa 1818, mafi yawan abin da ake karantawa a kansa ya fito ne daga littafin Bello, Sardul Kalami. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega, maƙwabciyar Tambuwal, kuma babu shakka zuriyarsa suna da nasu bayanin da ya cancanci a ajiye shi kusa da na Bello.

Iri na biyu su ne takardun Turawan mulki. Bayan cin Sakkwato a ranar 15 ga Maris 1903, an riƙa tura Di'o-Di'o rangadi domin su ƙiyasta harajin kowace gunduma, kuma a farkon kowane rahoto sukan rubuta taƙaitaccen tarihin gundumar. Ana samun irin waɗannan rahotanni a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Daga irinsu ne E. J. Arnett ya haɗa kundin bayanin Lardin Sakkwato na 1920. Abin lura shi ne inda Bature ya zauna ya ɗauki wannan tarihi: a zauren hakimi, ta bakin tafinta, a gaban fadawa, kuma kowa ya san ƙidayar haraji ce ta kawo shi. A irin wannan zama babu maƙerin da zai buɗe baki ya ce kakanninsa sun riga kakannin hakimi zuwa garin. Abin takaici shi ne yawancin ƙananan littattafan tarihin garuruwa da ake bugawa don bikin naɗin sarauta, da kundayen ɗalibai na neman digiri, har yanzu waɗannan rahotanni suke juyawa, wani lokaci ma ba tare da sun san asalinsu ba.

4.0 Littafin Edgar: Abin Yabo da Abin Zargi

Manjo John Alder Burdon shi ne Razdan na farko a Sakkwato, kuma mutum ne mai sha'awar Hausa. Ya sa malamai sun rubuta masa tatsuniyoyi da labarai cikin ajami, daga baya ya miƙa su ga Frank Edgar, wani jami'in mulki, wanda ya ƙara da nasa, ya mayar da su boko. An buga su a Belfast cikin juzu'i uku da sunan Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, tsakanin 1911 da 1913. Neil Skinner ya fassara su zuwa Ingilishi, juzu'in farko ya fito a 1969, sauran biyun a 1977.

Wajibi ne a fara da yabo. Na farko, littafin bai tsaya ga Gizo da Ƙoƙi ba. A cikinsa akwai labarun sarakuna da mayaƙa, da shari'un alƙalai, da barkwanci tsakanin ƙabilu da masu sana'o'i, da karin magana, da kacici-kacici, da wasiƙu. Wanda yake son sanin abin da mutanen wannan lardi suke dariya a kai, da abin da suke tsoro, shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, a nan zai same shi. Na biyu, Edgar bai goge Hausar malaman ba. Mai karatu zai tarar da "sunka" da "munka" da "anka" birjik, wato Hausar da har gobe ake ji a kasuwar Tambuwal. Ta wannan fuska littafin ya fi da yawa daga cikin waɗanda suka biyo bayansa riƙon amana.

Zargina a kansa guda uku ne. Na farko, labaran sun zo ba mai su. Mafi yawansu ba su ɗauke da sunan wanda ya faɗa, ko garinsu, ko ranar da aka ji su. Mai nazari daga Tambuwal zai iya karanta juzu'an uku, ya ji ƙamshin gida a wurare da yawa, amma ba zai iya ɗora yatsa a kan labari ɗaya ya ce wannan daga Sanyinna ya fito, ko wannan wata tsohuwa ce ta Kebbe ta faɗe shi ba. Da haka aka mayar da muryoyi masu yawa suka zama murya ɗaya da ake kira "Bahaushe", wanda ba shi da gari balle shiyya. Ba za a ce zamanin ne bai san a ambaci suna ba, domin R. S. Rattray ya ambaci sunan Malam Shaihu a littafinsa na 1913, kuma tun a 1885 J. F. Schön ya buga labarin rayuwar Dorugu da sunansa a cikin Magana Hausa.

Na biyu, tatsuniya a ƙasar Hausa galibi sana'ar mata ce, kaka ko gwaggo ke yi wa yara da dare a tsakar gida. Amma waɗanda suka rubuta wa Burdon da Edgar malamai ne maza, suna tuno abin da suka ji suna yara, suna rubuta shi domin Bature. A wannan hanya waƙoƙin da ke tsakiyar tatsuniya sukan gajarce, kwaikwayon murya da amshin yara sukan ɓace, abin da malami yake jin nauyin rubutawa kuma yakan bar shi. Abin da ya iso gare mu shi ne tatsuniyar mata a bakin maza.

Na uku, Turawa sun tara waɗannan labarai ne domin jami'ansu su koyi Hausa su kuma fahimci waɗanda suke mulka. An buga littafin a wata ƙasa, mutanen da aka ɗebo labaran daga bakinsu ba su gan shi ba, jikokinsu ma kaɗan ne suka taɓa riƙe shi. Taskar da mai ita bai san inda take ba, da ita da babu duk ɗaya ne a wurinsa.

5.0 Wa Ya Yi Tambaya, Wa Aka Tambaya

Domin a gane nauyin wannan magana, a dubi Satiru. A watan Fabrairu 1906 mutanen wannan ƙauye da ke kudu da Sakkwato suka yi tawaye, suka kashe muƙaddashin Razdan, Hillary, da wasu Turawa biyu da sojoji. A ranar 10 ga Maris aka koma musu da babbar runduna, aka kashe mutanen da masana tarihi suka ƙiyasta sun kai 2,000, aka rushe garin, aka hana sake gina shi. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun nuna a nazarinsu na 1990 cewa da yawa daga cikin Satirawa talakawa ne da bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu. Razdan na lardin a wannan lokaci shi ne Burdon, wato mai tara tatsuniyoyin nan. Hannun da ya adana mana labarin Gizo shi ne ya rubuta rahoton Satiru, kuma mafi yawan abin da aka sani a kan Satirawa daga bakin waɗanda suka murƙushe su ya fito. Matan da aka kwashe daga garin sun rayu shekaru masu yawa a wasu garuruwa. Da an zauna da su a lokacin da suke raye, da tarihin ya sami ƙafa ta biyu.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin Amurka ta tura ma'aikata suka ɗauki labarun tsofaffin bayi sama da 2,300. Aikin ya zama babbar taska, amma masana sun lura cewa yawancin masu tambayar fararen fata ne, a jihohin da baƙar fata bai isa ya faɗi abin da ke ransa ba, saboda haka tsofaffi da yawa suka sassauta bayanin azabar da suka sha. Darasin a nan shi ne amsa tana bin fuskar mai tambaya. Idan ɗan gidan sarauta ya je tungar da aka kafa a matsayin rinji yana neman tarihi, abin da zai ji daban ne da abin da jikan gidan zai ji bayan an rufe ƙofa. Haka abin yake idan namiji baƙo ya nemi labari daga matan kulle ta bakin mazansu.

6.0 Misalan da Suka Fi Dacewa a Bi

Ba sai mun je nesa neman gyara ba. Malaman wannan daula sun gaji ilimin isnadi, wato ba a karɓar magana sai an san wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi. Abdullahin Gwandu ya rubuta Ida'un Nusuki a 1812, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littafin da ya ɗauka daga kowanne. Al'ummar da take da wannan tarbiyya a fagen ilimin addini ba ta da uzurin rubuta "an ce" ko "wani tsoho ya ce" a fagen tarihin garuruwanta.

Misali na biyu shi ne Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji suke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu cikin waƙa su koma da shi gida. A cikin marsiyyoyinta ba ta tsaya ga sarakuna da malamai ba, har maƙwabciyarta Halima ta yi wa, ta yaba kyawun zamanta da mutane. Da wannan waƙa sunan wata mace da ba ta riƙe kowace sarauta ba ya kai zamaninmu. Jean Boyd, wadda ta yi aiki da taimakon Waziri Junaidu ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, ta haɗa takardun Gidaɗawa da hira da matan da suka gaji wannan tsari, kuma wannan haɗi ne ya ba aikinta ƙarfi.

Misali na uku shi ne Baba ta Karo. Mary Smith ta zauna da wannan tsohuwa a ƙasar Zazzau daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana rubuta abin da take faɗa, littafin ya fito a 1954, bayan rasuwar Baba a 1951. Mace ce ta tambayi mace, an ba ta lokaci, an bar ta ta bi zaren labarinta yadda take so. Sakamakon haka muka san yadda harin masu kama bayi yake ga wanda yake cikin ƙauye, da yadda ake fansar dangi, da zaman rinji, da ƙawance, da aure da saki, abubuwan da babu su a jerin sarakunan Zazzau. Duk da haka shi ma yana da nasa naƙasu, domin da Ingilishi ya fara fita, sai bayan shekaru masu yawa Hausarsa ta samu bugu. Tambayar da nake yi ita ce: ina Babar Tambuwal, ina ta Kebbe? Ba rashin irinta aka yi ba, rashin mai zama da ita aka yi.

7.0 Inda Labarin Baka Yake da Rauni

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk abin da ya fito daga bakin tsoho gaskiya ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bahaushe da kansa ya bambanta tatsuniya da labari, har mai tatsuniya yakan rufe ta da jingina wa Gizo alhakin ƙaryar da ke ciki. A tsakaninsu akwai tarihihi, wato labarin mutumin da ya taɓa rayuwa amma aka yi masa ƙarin gishiri. Mai tattarawa da bai rarrabe waɗannan ba zai cika littafinsa da mayaƙan da ƙarfe ba ya kama su.

Akwai raunin da na fi lura da shi a wannan yanki. Kusan kowane gida yana son a ce kakansa ya zo tare da Shehu, ko ya taso daga gabas. Wannan ya sa zaman da aka yi kafin 1804 yake dusashewa, sai ka ce ƙasar fayau take kafin jihadi. Haka kuma baki yakan haɗe shekaru, ya tsallake sunayen waɗanda ba su yi suna ba, har kaka da jika su koma mutum ɗaya. Jan Vansina ya yi dogon bayani a kan irin wannan a littafinsa na 1961 kan tarihin baka. Maganinsa shi ne a ji labari ɗaya daga bakuna da yawa, a shiyyoyi daban-daban, a auna shi da abin da ba ya sauyawa da sauƙi: kirarin gida, da tsagar fuska, da wasan taubasantaka tsakanin zuriyoyi, da kufai, da tsohuwar rijiya, da ragowar ganuwa. Shekarun da kowa ya sani, kamar zuwan Turawa a 1903, da yunwar 1914, da farin 1973, su ne turakun da za a ɗaure sauran labarai a jikinsu. Idan riwayoyi biyu suka saɓa, a buga su duka biyun da sunan masu su. Saɓanin ma tarihi ne.

Rauni na biyu ya fi haɗari. Magana zarar bunu ce. Labarin asali yana iya tayar da rigimar sarauta ko ta gona, yana iya ɓata auren da aka riga aka sa wa rana, musamman inda ya taɓo bauta, wadda ba a gama soke ta a dokar Arewa ba sai a 1936. Saboda haka kiran da nake yi na ambaton suna yana da sharaɗi: mai labari shi ke da iko da labarinsa. In ya yarda a buga da sunansa, a buga. In ya ce a ajiye sai bayan ransa, ko a sakaya sunan wani gida, a cika masa alkawari, amma a rubuta cikakken bayanin a kundin ajiya. Bambancin wannan da abin da Edgar ya yi shi ne a nan mai labari ne ya zaɓa.

8.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Aikin nan ba ya jiran gobe. Tun daga wajen 2018 hare-haren 'yan bindiga suka riƙa tayar da ƙauyuka a gabashin Sakkwato, bayan waɗanda suka tashi a Zamfara, kuma ƙauyukan Kebbe na kan iyaka su ma sun ɗanɗana. Idan ƙauye ya watse, mutanensa sukan rarrabu a garuruwa, tsohon da ya san iyakar kowace gona ya rasu a gidan haya, labarin ya bi shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Haka kuma, a daren 25 ga Disamba 2025, lokacin da Amurka ta kai harin sama a Jihar Sakkwato, ɓaraguzan makami sun faɗo a gefen garin Jabo, sunan garin ya zagaya duniya, mutanensa suka yi ta yi wa 'yan jarida bayanin cewa ba su san garinsu da zaman 'yan ta'adda ba. Ga mafi yawan mutanen duniya, tarihin Jabo a wannan dare ya fara, a nan kuma ya ƙare. Garin da bai ajiye labarinsa da bakinsa ba, wasu ne za su ba da shi a madadinsa.

Shawarwarina su ne kamar haka. Na ɗaya, a ɗauki shiyya a matsayin ma'aunin aiki maimakon gunduma, a bi gida-gida da sana'a-sana'a. Na biyu, masu ɗaukar labari su kasance 'ya'yan wurin, mata su tambayi mata, kuma malaman makarantun firamare da na Islamiyya za su iya wannan aiki in an horar da su na 'yan kwanaki. Na uku, a ɗauki murya, domin wayar hannu ta sauƙaƙa abin da a da sai da rikoda da kaset, sannan a rubuta suna da shekaru da sana'a da shiyya da rana, da wanda mai labarin ya ji daga gare shi. Na huɗu, a rubuta magana yadda aka faɗe ta. Wanda ya ce "yat tahi" kada a mayar masa da ita "ya tafi", wanda ya ce "wagga shiyya tamu ta" a bar masa abinsa. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta a sharhin mai nazari, amma bakin mai labari nasa ne. Na biyar, a mayar wa mutane abinsu: kwafi ɗaya a hukuma, ɗaya a makarantar garin, a kuma nemi fili a gidan Rediyon Rima domin su ji kansu.

Akwai abin koyi a Afirka ta Kudu. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar District Six ta birnin Cape Town a matsayin ta farare zalla, aka tashi mutane sama da 60,000, aka rushe gidajensu. A gidan tarihin unguwar da aka buɗe a 1994 an shimfiɗa babbar taswira a ƙasa, tsofaffin mazauna suna zuwa suna rubuta sunayensu a inda gidajensu suke a da. Irin wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Taswirar tsohuwar Tambuwal ko Kebbe a farfajiyar makaranta, da dattawa zagaye da ita suna gardamar inda marina take da inda ƙofar gari ta tsaya, za ta fitar da abin da takardar tambayoyi ba za ta fitar ba.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan sharhi na yi ƙoƙarin nuna cewa tarihin ƙasar Tambuwal da Kebbe da ke rubuce ya fi karkata ga gidajen sarauta, kuma tarin labarun baka mafi girma da aka yi a wannan lardi, wato na Burdon da Edgar, ya adana labarai da Hausarsu amma ya zubar da sunayen masu su da garuruwansu. Na kuma nuna cewa hanyar gyara tana cikin gadonmu, daga isnadin Abdullahin Gwandu zuwa marsiyyar da Nana Asma'u ta yi wa maƙwabciyarta. Edgar baƙo ne, ya yi abin da ya iya da manufar da ta kawo shi, kuma muna cin moriyar aikinsa har yau. Mu da muke 'yan gida, muke jin harshen, muka san ƙofar kowane gida, uzurinmu bai kai nasa ba. Ma'aunin da za a auna duk wani littafin tarihin gari da za a buga nan gaba shi ne a karanta shi a gaban mutanen shiyyar da ya ambata, a ga ko za su gane muryar iyayensu a ciki, su kuma iya cewa wannan maganar wane ce, ɗan wane, na shiyya kaza.